Hanyar Sitokholm daga Galma take farawa

Takardar bayanin da masu shirya taro a Sitokholm ko Oslo ko Kopenhagen suke aika wa baƙinsu daga filin jirgin sama take farawa. Za ta gaya maka cewa tsakanin filin Arlanda da tsakiyar Sitokholm kilomita 40 ne, jirgin ƙasa mai sauri yana cinye su cikin minti 20, ga sunayen otal, ga lokacin buɗe zaure. Duk gaskiya ne, kuma ya wadatar da wanda ya taso daga Landan ko Balin. Amma a ɗauki manomin da gidansa yake Galma Kudawace a gundumar Madawa, ko shugabar ƙungiyar mata a Buza, ko malamin gona a Keita. Kafin ɗayansu ya isa inda takardar ta fara, ya riga ya sha mafi yawan wahalar tafiyar, in ma ya isa ke nan. Matsayina shi ne, irin wannan tafiya daga ƙofar gidan matafiyi ya kamata a fara lissafa ta, kuma da watanni ake auna ta. Duk inda aka ƙi yin wannan lissafi, hanyar da kanta ce za ta zaɓi wanda zai yi magana da sunan yankin Adar a can, kuma kullum mai albashi da asusun banki a Yamai take zaɓa.

Wani zai ce me ya haɗa Galma da ƙasashen ƙanƙara? Ruwa da ƙasar noma suka haɗa su. Tun 1991 ake taron ruwa kowace shekara a Sitokholm, wanda yanzu ake kira Makon Ruwa na Duniya, a ƙarshen watan Agusta. A Kopenhagen aka yi babban taron sauyin yanayi na Disamban 2009. A Oslo, ranar 24 ga Fabrairun 2017, ƙasashe suka zauna kan halin da Najeriya da yankin Tafkin Chadi suke ciki, har da Difa, suka yi alkawarin dalar Amurka miliyan 672. A Sitokholm kuma, a ƙarshen 2018, aka ba Yakuba Sawadogo, manomin Yatenga a Burkina Faso, lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Tony Rinaudo wanda ya yaɗa sassaben zamani a Maraɗi tun shekarun 1980. Abin da ake yabo a waɗannan zaurukan, hannun mutanen Adar ya daɗe da saninsa. Tun 1975 aka fara jera dogon yaro layi bibbiyu a kwarin Majiya don kare gero daga iska. Tun 1984 aka fara aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya da hukumar FAO, aka dasa itatuwa wajen miliyan 18, aka farfaɗo da fiye da hekta dubu 30 na faƙo, kuma mata ne suka fi ɗaukar duwatsun aikin a ka. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Idan za a yi zancen zaizayar ƙasa da madatsun ruwa, waɗannan matan da 'ya'yansu suna da abin faɗi wanda babu rahoton da ya ƙunshe shi.

Matakin farko takardu ne, kuma nan ne aka fi raina aikin. Fasfo ba ya samuwa sai da takardar haihuwa da ta shaidar ɗan ƙasa, alhali dattawa da yawa a karkara ba a rubuta haihuwarsu ba, sai sun bi ta kotu an yi musu hukuncin da ke maye gurbinta. Dokar biza ta Shengen, wadda ƙasashen arewacin Turai biyar duka suke cikinta, tana son fasfon da bai wuce shekara 10 da bayarwa ba, mai sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za a baro Turai, da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba. Sai kuma wata 'yar matsala mai rusa babbar tafiya, wato rubutun suna. Mutum ɗaya yana iya zama Mahamadou a fasfo, Mohamed a takardar gayyata, Mamane a katin ƙungiya. A gida kowa ya san shi ne, amma ma'aikacin biza da kwamfutar kamfanin jirgi harafi suke dubawa. Don haka hoton shafin fasfo ya kamata a fara aika wa masu gayyata, su kwafe sunan yadda yake, kada a bar su su rubuta abin da suka ji a waya.

Daga nan sai tambayar da takardun bayani ba su cika amsawa ba: ina za a kai takardun? Suwidin da Nowe da Denmak da Finlan da Aislan, babu wadda take da ofishin jakadanci a Yamai. Ƙa'idar ita ce a nemi biza daga ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, ita kuma tana iya wakilta wata ƙasar ta Shengen ta karɓa a madadinta. Wannan wakilci yana sauyawa, musamman tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Faransa ta rufe ofishinta na Yamai a Janairun 2024, Nowe ta rufe nata na Bamako, Suwidin da Denmak kuma a 2024 suka sanar da rufe nasu na Bamako da Wagadugu. Huɗu daga cikin ƙasashen arewacin Turai biyar ɗin suna da ofishi a Abuja, amma samuwar ofishi a gari ba ta nufin yana karɓar takardun mazaunin Nijar. Saboda haka wajibin mai gayyata ne ya bincika a ma'aikatar harkokin wajen ƙasarsa, ya rubuto sunan ofishi da gari, domin shi aikin minti kaɗan ne a wurinsa, shi kuwa mutumin Galma kuskure ɗaya yana ci masa kuɗin mota na kwana da kwanaki. Dole mai nema ya je da ƙafarsa a ɗauki zanen yatsunsa. Kuɗin biza tun Yunin 2024 yuro 90 ne, wato jika 59 da 'yan kai tunda yuro ɗaya sefa 656 ne, kuma ba a mayarwa in an hana. Ga inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin yuro 30,000. A ƙara da kuɗin hanya: daga Madawa zuwa Yamai kimanin kilomita 500 ne ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, wuni guda a mota, kuma da wuya a gama komai a zuwa ɗaya.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne shaidar cewa mutum zai dawo. Ofishin biza ya saba da takardar albashi, da izinin hutu daga wurin aiki, da bayanin shige da ficen kuɗi a banki. Dukiyar manomin Galma kuwa tana cikin rumbu da garke da garkar albasa, ba ta da tambari. A 2022 kusan uku cikin goma na masu neman bizar Shengen daga Afirka an hana su, alhali a duniya baki ɗaya waɗanda aka hana ba su kai biyu cikin goma ba. Masu kare wannan tsanani suna da hujja, kuma bai kamata a yi kamar ba a ji ta ba: akwai waɗanda suka shiga Turai da bizar taro suka ɓace, kuma kowane ɗaya daga cikinsu ya rufe ƙofa ga goma a bayansa. Sai dai hujjar ba ta san Adar ba. Ƙasar 'yan cin rani ce tun kaka da kakanni, mazanta suna zuwa Najeriya da Abijan da Libiya, kuma da hadari ya fara haɗuwa suke juyowa, domin gona ba ta jira. Magidancin da ya bar gero yana bununi ya fi matashi mai digiri marar aiki dalilin komawa gida. Aikin da ya rage shi ne a fassara wannan gaskiya zuwa harshen takarda, kuma akwai hanya. Tun dokar karkara ta 1993 kwamitocin filaye na ƙauye da na ƙaramar hukuma suna ba da shaidar mallakar gona ta gado. A haɗa ta da takardar aure, da takardun haihuwar yara, da rajistar ƙungiyar manoma, sannan wasiƙar gayyata ta faɗa ƙarara cewa masu taro sun ɗauki nauyin jirgi da masauki da abinci.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Ana iya shigar da takardu tun saura wata shida, amsa kan fito cikin kwana 15, amma doka ta yarda a kai kwana 45. Idan taron na ƙarshen Agusta ne, wanda ya jira Yuli ya makara, wanda ya fara a Yuni kuma zirga-zirgar Yamai za ta faɗa masa daidai kan shuka da noman farko. Lokacin da ya dace shi ne rani, tsakanin Maris da Mayu, bayan an cire albasa, hannu yana da ɗan kuɗi, gona ba ta kira ba tukuna. Ma'anar wannan ita ce gayyatar da ta iso saura mako shida, gayyata ce da ba a nufi manomi da ita ba, ko da sunansa ne a kai.

Hanyar sama ba ta da wuyar fahimta. Jirgin Air France ya daina zuwa Yamai tun Agustan 2023, don haka daga filin Diori Hamani ana bi ta Istanbul, ko Adis Ababa, ko Kasablanka. Wadda ta fi sauƙi ga baƙon tafiya ita ce mai sauyi ɗaya tak, a kan tikiti guda, yadda kaya za su wuce da kansu. Inda aka fara taka ƙasar Shengen nan ake tambayoyi, kuma biza ba ta hana jami'in iyaka ya nemi ganin gayyata da adireshin masauki da tikitin komawa, don haka a aljihu ko jakar hannu ake riƙe su. Daga filin jirgi zuwa gari, jirgin ƙasa na talakawa ya fi arha: a Oslo bambancinsa da mai saurin 'yan mintoci ne, a Kopenhagen kuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa yana kai mutum tsakiyar gari cikin kusan minti 15. A Suwidin kowane kamfanin tasi shi yake yanka farashinsa, sai a tambaya kafin a shiga.

Kuɗi ne wurin da mutunci ya fi saurin zubewa. Sefa ba ta da mai canji a can, a Yamai ake mayar da ita yuro, kuma yuron ma a Helsinki kaɗai yake kuɗin gari. Suwidin da Nowe da Denmak kowace da nata kurona. Abin da ya fi wannan shi ne garuruwan sun kusa barin tsabar kuɗi. Motar bas a Sitokholm ba ta karɓar kuɗi a hannu, shagunan shayi da yawa haka, otal kuma yakan nemi kati ya riƙe wani abu a matsayin jingina. Hanyoyin aika kuɗi da muka saba da su a gida, irin su Nita da Amana, ba sa sayen ko burodi a can. Tashoshi da yawa ba su da ƙofa ko mai tsaro, wannan yakan sa baƙo ya zaci kyauta ce, alhali masu duba tikiti suna shigowa ba sanarwa, tarar kuma tana iya wuce jika 50. To, a irin wannan wuri ne wasu masu taro suke cewa baƙo ya biya tukuna, a mayar masa bayan wata biyu ta banki. Ga ma'aikacin babbar hukuma wannan tsari ne na yau da kullum. Ga mace daga Keita kora ce da lafazi mai daɗi. Gyaran kuwa ba tsada gare shi ba: masu taro su sayi tikitin jirgi da kansu, su biya otal, su aiko da kuɗin zirga-zirgar biza tun kafin a fara ta, sannan wani ya tarbi baƙo a filin jirgi da katin sufuri na mako da katin kashewa a hannu.

Jiki da ibada su ma suna bukatar shiri. Agustan Sitokholm, wanda su suke kira lokacin zafi, darensa kamar asubahin hunturu ne a Tawa, Disamba kuwa ruwa yana daskarewa a waje. Riga a kan riga, da safa, da takalmi rufaffe mai hana ruwa, duk ana samun su a gwanjon Yamai da arhar da ba za a gani a can ba. Madawa tana kusa da mataki na 14 arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa wuninmu bai cika wuce awa 11 zuwa 13 ba. Sitokholm da Oslo suna wajen mataki na 60: a Yuni rana takan yi fiye da awa 18 a sama, shafaƙi bai gama ɓacewa ba alfijir ya keto, a Disamba kuma wunin duka awa 6 ne, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa a tsakiyar zaman taro. Wanda ya saba duba inuwa zai ruɗe. Ya bi jadawalin masallacin garin, ya kuma tambayi malaminsa hukuncin ƙasaru da haɗa salla tun yana gida. Mu a nan gabas da alƙibla kusan abu ɗaya ne a bakinmu, a can kuwa alƙibla kudu maso gabas take. Babban masallacin Sitokholm, wanda aka buɗe a 2000, yana daf da tashar Medborgarplatsen, a Oslo masallatai suna unguwar Grønland, a Kopenhagen suna Nørrebro, kuma a unguwannin ne ake samun abincin halal mai sauƙin kuɗi. Kalmomin svin da gris da fläsk da skinke a jikin abinci duk alade suke nufi. Ruwan famfo ana shan sa ba fargaba. Guzurin da Ba'adare zai fara tunani, kilishin Madawa da cukun Tawa, shi ne dai doka ta hana, domin ba a shiga da nama ko kayan madara daga wajen Turai. Ƙuli-ƙuli da dabino sun fi aminci. Mai sa niƙabi ta sani Denmak ta hana rufe fuska a bainar jama'a tun Agustan 2018, amma hijabi ba laifi ba ne. Wanda ya taso da damina kuma zazzaɓin cizon sauro yana iya tashi masa a can, ya gaya wa likita daga inda ya fito tun a jimlar farko. Lambar gaggawa 112 ce, a Nowe ta motar asibiti 113.

Akwai kuma harshe. Ɗan Nijar yakan ɗauka Faransanci zai fisshe shi a ko'ina cikin Turai, amma a arewa Ingilishi ne harshen taro da na titi ga baƙo. Abin da aka saba yi shi ne manomi ya faɗa da Hausa, jami'i ya juya zuwa Faransanci, wani ya sake juyawa zuwa Ingilishi, kafin magana ta isa kunne ta zama ruwa. Alhali Madawa tana maƙwabtaka da ƙasar Sakkwato, kuma masu jin Hausa da Ingilishi sosai ba su da wuyar samu, har a cikin ɗaliban da ke karatu a can arewacin Turai. Tafinta ɗaya daga Hausa kai tsaye ya fi biyu, kuma kuɗinsa ya kamata ya shiga kasafin tun farko, kamar yadda kuɗin abokiyar tafiya ya kamata ya shiga idan dattijuwa ce aka gayyata.

Saura ƙalubale mafi ƙarfi, wanda masu hankali da yawa suke riƙe da shi: duk wannan wahala don me? Kuɗin tafiyar mutum ɗaya zai sayi taki da irin albasa na gidaje masu yawa. Alkawarin Kopenhagen na dala biliyan 100 kowace shekara kafin 2020 bai cika a kan lokaci ba, sai a 2022 aka kai adadin, in ji ƙungiyar OECD. A taron na Kopenhagen ma an yi wa fiye da mutum dubu 40 rajista a zauren da ke ɗaukar dubu 15, wakilai suka wuni a layi cikin sanyi. Ga shi tun bayan annobar korona ana iya bin Makon Ruwa ta intanet. Na yarda da rabin wannan magana. Taron da za a je a zauna a baya, a tafa, a karɓi jaka a dawo, gara kuɗinsa ya tafi gona. Amma intanet ɗin da ake nuna mana yana bukatar wuta da layi mai ƙarfi na awa da awanni, abin da Galma ba ta da tabbacinsa, kuma wanda ke kallo ta waya ba ya cikin hirar bakin ƙofa inda ake ƙulla ayyuka. Zuwa da kai ya fi saƙo. Shaidar tana nan cikin jihar Tawa: a ƙarshen shekarun 1980 wani aikin hukumar IFAD ya kai wasu manoman Illela Yatenga, suka ga yadda ake haƙa ramukan shuka a zuba taki, suka dawo suka gwada. Tassa ke nan, wadda ta bazu a Badagishiri da kewaye har faƙon da aka yasar ya koma abin saye da sayarwa. Abin da ya sa waccan tafiya ta haifu shi ne waɗanda aka tura su ne masu riƙe da fartanya.

Saboda haka ƙungiyar da aka ba kujera ɗaya ta fara da tambayar wa ya san aikin, sannan ta nema masa takardu, maimakon ta duba wa yake da fasfo a aljihu. Ya tafi da abin nunawa: hotunan gona ɗaya kafin aiki da bayansa, adadin damman da aka samu, kuɗin da aka kashe, da buƙata guda bayyananna. Ya karɓi katin shiga zaure tun jajibiri, ya iso kafin lokaci domin ƙarfe tara a can ƙarfe tara ne. Agogonsu ma da hunturu daidai yake da na Nijar, da bazararsu ne suke gaba da awa ɗaya, ban da Helsinki da Aislan. Ya riƙe katin rigakafin shawara don dawowa, ya kuma fita a ranar da bizarsa ta ce, domin dokar ta tanadi cewa wanda ya yi amfani da biza uku yadda ya kamata cikin shekara biyu ya cancanci ta shekara guda mai shiga da fita. In ya iso gida kuma, kafin rahoton Faransanci da za a aika Yamai, akwai bayanin da ake bin sa da Hausa, a gaban waɗanda suka tura shi da kuma a gidan rediyon karkara, da sunayen waɗanda ya gana da su da ranar da suka ce za su amsa.